Ba Yabo Ba Fallasa: Nazari a Kan Tarken Wasannin Gem Marasa Armashi

Tarke, kamar yadda malaman adabin Hausa suke amfani da kalmar a jami'o'i, shi ne a ɗauki aikin fasaha a warware shi zare-zare, a auna abin da mai aikin ya nufa da abin da ya iya cimmawa, sannan a yanke masa hukunci bisa hujjar da mai karatu zai iya bibiya ya gamsu ko ya ƙi. An saba jin kalmar a kan waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, amma akwai wani fage da tarke ya yi ƙarfi a cikinsa tun shekarun 1980, wato fagen wasannin bidiyo, waɗanda matasan Kano suka fi sani da wasan gem, ana buga su a akwatin da ake jonawa da talabijin, ko a kwamfuta, ko a wayar hannu. A cikin wannan fage akwai wani reshe mai tarihinsa da salonsa, wanda ya keɓanta ga wasannin da ba su kai ba: wanda ya fito a lalace, da wanda aka cika wa jama'a kunne da zuwansa sannan kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu, da kuma wanda ya fito ba yabo ba fallasa, yana tafiya lafiya lau ba ya sarƙewa, amma mai buga shi ba ya tuna komai game da shi da zarar ya tashi. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi wuyar tarkewa, kuma a kansa ne ake gane matarkin da ya san aikinsa.

Asalin wannan reshe ya fi kusa da ciniki a kan adabi. Wanda ya kalli fim marar daɗi ya yi asarar awa biyu ko uku, amma wasan gem ana sayensa ne a rufe, da tsada, kuma aibinsa ba ya bayyana sai an yi nisa a cikinsa. A tsakiyar 1982 kamfanin Atari na Amurka ya ba wani ma'aikacinsa, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar kacal ya haɗa wasa a kan fim ɗin E.T. domin ya riski cinikin Kirsimeti, wasan ya fito da gaggawa a jikinsa, masu saye suka riƙa mayar da shi shaguna. A watan Satumba na 1983 kamfanin ya binne tarin kayansa da suka yi kwantai a wani juji da ke garin Alamogordo, labarin da mutane da yawa suka ɗauka almara ce har sai da aka tono wurin a watan Afrilu na 2014. Ba wannan wasa kaɗai ya karya kasuwar Amurka a 1983 ba, domin shaguna sun riga sun cika da wasannin da kowa ya ga dama ya haɗa, har mai saye ya daina bambance na kirki da na banza. Amma daga wannan karyewa ne aka fahimci cewa sana'ar ba za ta ɗore ba in babu wanda zai gwada kaya ya faɗa wa jama'a gaskiya kafin su fitar da kuɗinsu.

Kayan aiki na farko da matarkan suka riƙa shi ne maki. Mujallar Famitsu ta Japan, wadda ta fara fitowa a 1986, ta shahara da tsarin da mutum huɗu suke buga wasa kowa ya ba shi maki daga cikin 10, a haɗa ya zama daga cikin 40. A 2001 aka buɗe Metacritic, shafin da yake tattara makin jaridu daban-daban ya fitar da lamba ɗaya daga cikin 100, kuma tun daga lokacin wannan lamba ta zama tamkar hukuncin kotu. Matsalar maki ita ce ya takure a sama. A ma'aunin shafin, fim ɗin da ya sami 61 ya shiga sahun waɗanda aka yaba, amma wasan gem sai ya kai 75, abin da ke nuna cewa matarkan wasanni sun saba da hannu sake, har 7 cikin 10, wanda a makaranta sakamako ne mai kyau, ya zama a wurinsu alamar wasan da ba shi da laifi kuma ba shi da amfani. Da haka sai wasa tsaka-tsaki ya sami maɓoya a cikin lamba, domin lamba ba ta iya faɗin ko gazawar daga labarin take, ko daga maimaita abu ɗaya sau ɗari, ko daga rashin wani sabon tunani. Kuma tun da kuɗi sun rataya a kan lambar, matsi ya biyo baya. Kamfanin Obsidian, wanda ya haɗa Fallout: New Vegas a 2010, ya rasa ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari saboda wasan ya tsaya a 84 alhali yarjejeniyar ta ce 85. A watan Nuwamba na 2007 kuwa shafin GameSpot ya sallami babban matarkinsa, Jeff Gerstmann, jim kaɗan bayan ya ba Kane & Lynch maki 6, a daidai lokacin da tallan wasan ya lulluɓe shafin; sai a 2012 ya sami damar bayyana cewa ƙorafin masu talla na cikin abin da ya jawo korar. Abin lura a nan shi ne wasan da aka kori mutum a kansa ba lalatacce ba ne, tsaka-tsaki ne, kuma laifin matarkin shi ne ya kira shi da sunansa.

Salo na biyu ya zo ne tare da bidiyon intanet, kuma Bahaushe ba zai sha wahalar gane shi ba, domin zambo ne tsagwaronsa. Zambo a waƙar fada shi ne makaɗi ya ɗauko abokin hamayyar ubangidansa ya siffanta shi da munanan kamanni ta yadda masu sauraro za su yi dariya, kuma ƙarfinsa yana ga ƙwarewar bakin mai yin sa, ba ga adalcinsa ba. James Rolfe, wanda ya fara a 2004 ya kuma yi suna a YouTube daga 2006 da shirin Angry Video Game Nerd, ya gina sana'arsa a kan fusata da tsofaffin wasannin da suka cuci yara a zamaninsa. Ben Croshaw kuma ya fara Zero Punctuation a 2007, inda ya riƙa ragargazar sabon wasa cikin 'yan mintuna da magana mai gudu ba numfashi. Waɗannan sun yi wa masu saye aiki, domin sun karya tsoron kamfanoni, sun kuma koya wa matasa cewa abin da aka sayar da tsada yana iya zama shirme. Sai dai zambo yana buƙatar aibi babba da za a kama a girgiza, irin na Superman na 1999 ko Big Rigs na 2003, wanda motar ɗan wasa take ratsa gine-gine kamar babu su. Idan aka kawo masa wasan da ba shi da ƙusumbi ba shi da gurgunta, sai mai zambo ya rasa abin kamawa, ko dai ya ƙyale shi ko ya ƙirƙiro fushin da ba ya ji, kuma mai kallo ya tashi da dariya ba tare da ya san ko ya dace ya saya ba.

Akwai wani sharhi guda da ya tsallake wannan tarko, kuma ya shafi wasan da Kano ta fi bugawa. A watan Oktoba na 2020 Simon Cardy na shafin IGN ya karɓi FIFA 21 na na'urar Nintendo Switch, ya tarar kamfanin EA bai canza komai daga na bara ba sai sunayen 'yan wasa da riguna, sai shi ma ya kwafo sharhinsa na bara ya manna, ya bayyana dalilinsa, ya ba wasan 2 cikin 10. Wasan ba ya sarƙewa, ƙwallo tana shiga raga yadda ya kamata, kuma da ma'aunin da aka saba da shi ya isa a ba shi 6 a wuce. Matarkin ya auna shi ne da kuɗin da ake nema a kansa da kuma abin da mai saye ya riga ya mallaka.

Wasan da ya ba da kunya kuwa ana auna shi ne da alkawarin da aka yi kafin fitowarsa, kuma a nan tarke yana fama da matsalar lokaci. Cyberpunk 2077 ya fito ranar 10 ga Disamba 2020 bayan shekaru ana zuga shi, amma matarkan da aka ba su shi tun da wuri na kwamfuta kaɗai aka ba su, suka yaba har makinsa ya kai kusan 90, alhali a kan PlayStation 4, wadda ita ce a hannun talakawan masu saye, wasan yana tsinkewa yana daskarewa. Cikin kimanin mako guda Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga shagonta na intanet ta kuma mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai watan Yuni na 2021. Waɗanda suka biya tun kafin fitowarsa sun yi cinikin biri a sama, kuma sharhin gaskiya ya iso musu a matsayin ihu bayan hari. Ta ɗaya ɓangaren, wasan zamani ba ya tsayawa yadda aka sake shi, saboda abin da ake kira faci, wato gyaran da kamfani yake turowa ta intanet bayan an sayar. No Man's Sky, wanda aka yi wa rubdugu a 2016 saboda rashin cika alkawari, ya gyaru da shekaru har waɗanda suka zage shi suka dawo suna yabonsa. Hukuncin da aka yanke wa littafi yana iya tsayawa shekara hamsin, na wasan gem kuwa yana iya tashi aiki cikin wata shida.

Duk wannan tarihi an rubuta shi ne a ƙasashen da mai buga wasa shi ne mai sayensa, yana zaune a ɗakinsa da wutar da ba ta ɗaukewa. A cikin birnin Kano lamarin ba haka yake ba.  Matashin da ya taso a unguwannin cikin ganuwa, in ba ɗan masu hali ba ne, ya fara sanin PlayStation ne a gidan gem, shago mai talabijin biyu ko uku da benci da janareta, inda ake biyan kuɗi a buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba wani. Sabon wasa na manyan kamfanoni ya kai dala 70 tun daga 2020, kuɗin da a canjin da naira ta faɗa bayan 2023 ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Saboda haka matarki na farko a wannan wuri shi ne mai shago, kuma ma'auninsa ba ya ƙarya: wasan da bai tara layi ba bai biya kuɗin man janareta ba, musamman tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, don haka ana sauke shi ba tare da wani dogon bayani ba. Wasa mai dogon labari da mutum ɗaya yake bugawa awa talatin, ko da duk jaridun duniya sun ba shi 10, a gidan gem ba shi da kasuwa, domin ba ya ƙarewa cikin minti goma kuma ba ya haɗa mutum biyu su kara.

Wannan ne ya sa ƙwallon ƙafa ta mamaye fagen, ya kuma sa 'yan gidan gem suka zama masana a kan ɗan ƙaramin yanki. Sun san bambancin nauyin ƙwallo a PES na kamfanin Konami da FIFA na EA, suna gane shekarar da mai tsaron gida ya yi sakaci da wadda gudu ya rinjayi dabara, kuma muhawararsu a kan haka ta fi wasu rubutattun sharhi zurfi. Suna da wata hujja ma da matarkin Turai ba shi da ita. PES 2014 shi ne na ƙarshe da Konami ta yi wa PlayStation 2, amma na'urar ta ci gaba da aiki a shaguna shekaru bayan haka da faya-fayan da masu gyara suka sabunta wa sunayen 'yan wasa da riguna, irin abin da ake yi a Barazil da sunan Bomba Patch. Wanda ya saba samun sabuwar kakar wasa da 'yan kuɗi kaɗan a kan tsohon faifai ya riga ya san ainihin darajar canza riga, ba sai an gaya masa ba. Da Konami ta jingine sunan PES ta saki eFootball 2022 ranar 30 ga Satumba 2021, da ƙungiyoyi tara kacal da fuskokin 'yan wasa da suka zama abin dariya, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na masu sharhi a shagon Steam ne suka yaba masa, kamfanin ya nemi afuwa, kuma cikakken gyaran bai iso ba sai watan Afrilu na 2022. Mai shagon da ya ci gaba da kunna PES 2021 a wancan lokaci ya yanke hukunci iri ɗaya da na jaridun duniya, ba tare da ya karanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wayar hannu ta ƙara wasu tambayoyi da rubutaccen tarke na waje ba kasafai yake yi ba. Wanda ya sayi waya mai ƙaramin ƙarfi a kasuwannin waya na Farm Centre ko titin Beirut yana son ya san nauyin wasa kafin ya sauke, da ko zai buɗe ba tare da data ba, da yadda yake shan caji da zafafa waya, da yawan tallan da zai katse shi. Kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wasan da ake cewa kyauta ne amma yana neman faci mai nauyi kowane wata ba kyauta ba ne. Farin jinin Dream League Soccer da Free Fire a kan ƙananan wayoyi ya samo asali ne daga amsa waɗannan tambayoyi. Sai kuma batun akwatin sa'a, wato a biya kuɗi na gaske a buɗe wani ƙunshi ba tare da sanin abin da ke ciki ba, wanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ne. A gari irin Kano wannan ba ƙaramin bayani ba ne da za a tura ƙarshen sharhi. Haka nan abin da ya taɓa addini: Kakuto Chojin, wasan faɗa ne na Xbox da ya fito a 2002 wanda matarka ba su ga wani abin kirki a cikinsa ba, amma abin da ya sa Microsoft, mai Xbox, ta janye shi daga kasuwa a 2003 shi ne ayoyin Alƙur'ani da aka cusa a cikin sautinsa.

Ba za a ce tarken baka na gidan gem ba shi da rauni ba. Yana cakuɗe da ɓangaranci, domin ɗan PES da ɗan FIFA suna jayayya ne kamar magoya bayan ƙungiyoyi biyu, kuma wanda aka lallasa yakan ɗora laifin a kan wasan ko a kan fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa 'yan wasa. Yana da ƙunci, tun da bai cika fita daga ƙwallo da faɗa da harbi ba. Mafi muni kuma, ba ya ajiyuwa: hukuncin da aka yanke yau a benci ya tafi da iska, na baya ba ya gina nasa a kan na gaba.

Kano ta taɓa bin hanyar kafa rubutaccen tarke a wasu fagage biyu. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa, Ibrahim Malumfashi ya yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da wasu suka shiga muhawarar a jaridu, kuma ko da yake an yi zafi, daga cikinta ne aka fara tambayar me ya sa wani littafi ya fi wani. Da fim ɗin bidiyo ya kafu bayan Turmin Danya na 1990, mujallar Tauraruwa ta fito a 1998, Fim ta biyo a 1999, aka sami inda za a ce fim kaza kwafi ne ko labarinsa bai tsaya ba. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne yadda tarke yake saurin rikiɗewa ya koma tacewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana tambayar ko abu ya halatta a nuna, kuma wannan tambaya ce mai wurinta; amma ba ita ce tambayar ko abin ya yi kyau ba. Yawancin maganar da manya suke yi a kan gidajen gem ta tsaya ne ga ɓata lokaci da guje wa makaranta da Islamiyya, damuwa ce ta gaskiya, sai dai ta ɗauki wasanni duka a matsayin abu ɗaya, ta bar yaro ba shi da mai nuna masa wanda ya cancanci awarsa da wanda aka ƙera don a tatse shi.

Gwaji mafi tsanani zai zo ne a kan wasannin gida. Kamfanin Maliyo, da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, da Kiro'o na Kamaru, wanda ya saki Aurion a 2016, sun nuna cewa ana iya haɗa wasa a wannan yanki, kuma ƙasar Hausa tana da dara da langa da dambe da kokawa da tarihin birane masu ganuwa, waɗanda duk za su iya zama wasa. Wasannin farko da za su fito daga nan, bisa ga yadda kowace sana'a take farawa, yawancinsu tsaka-tsaki za su kasance, kuma kishin gida zai ja masu sharhi su yi ta sambarka don kada a karya wa matasa gwiwa, kamar yadda wasu kuma za su ɗauko zambo su auna aikin mutum uku da na kamfani mai ma'aikata dubu. Masu rubutu da Hausa a jaridu da rediyo da YouTube da suke son shiga wannan fage ya kamata su ajiye lamba, su buga wasan har ƙarshe a kan irin wayar da mai karatunsu yake riƙe da ita, su faɗi ranar da suka gwada shi da datar da ya ci da kuɗin da ya nema a ciki, sannan su nuna daidai wurin da ya fara gundura da dalilin hakan, ko da wanda ya haɗa shi ɗan unguwarsu ne.